Minti Huɗu A Ƙarƙashin Mayafina

Kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutu, ku bari in kai ƙarshe tukuna. Na san halinku, 'yan uwa masu karatu, wasunku tun a layi na biyu suke yanke hukunci. Ni ma na riga na yanke wa kaina, kuma nawa ya fi naku tsauri.

Ni malamar lissafi ce a makarantar firamare, shekarata ashirin da bakwai. A gidanmu wannan ba adadi ba ne, laifi ne. Yayata ta yi aure tana da ashirin da biyu, mijinta manaja ne a wani ofis mai sanyi, tun daga ranar ta zama sikelin da ake auna kowa da shi. In ta zo gida ƙamshin turarenta ne ke fara sallama, sai ƙarar makullin mota, sannan ita. Mama kuwa ba ta faɗa. Sai dai ta tsaya ta dube ni ina ninke wanki, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta wuce kicin.

Wanda nake so kuma mai gyara ne. Ga shi na faɗa muku a layi ɗaya, abin da na yi wata takwas ban iya faɗa wa mutanen gidanmu ba.

Wayata ce ta faɗa bokitin wanki, wata abokiyar aikina ta yi mini kwatancen shagonsa, a hawa na biyu na wani bene mai shaguna, can ƙarshen lungu, jikin mai sayar da gilashin ido. Gyaran waya ne ke ciyar da shi, amma ba nan zuciyarsa take ba. Bangon bayansa kanta ce tun daga ƙasa har sama, cike da tsofaffin na'urorin gem na hannu, irin na da, waɗanda ake zura musu kaset ta baya. Wasu sun yi rawaya don tsufa, wasu ba murfi, kowace da takarda ɗaure a wuya kamar majinyata. Ina jiran wayata na yi suɓutar baki na ce, “Malam, wai har yanzu akwai mai wasa da waɗannan?”

Ashe na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ajiye wayata a gefe, ya ciro wata ruwan toka mai kauri, girman sabulun wanki, ya ɗora mini a hannu.

“Riƙe ki ji nauyinta. Batir huɗu take ci, kuma za su kai ki awa talatin. Wace waya ce za ta yi miki haka?”

Gilashinta ɗan mitsitsi ne, kore-kore, ba ta san ja ko shuɗi ba, duhu kala huɗu kawai take da shi. Ba fitila a cikinta, sai ka matsa jikin taga kake ganin abin da kake yi. A hagu akwai maɓalli mai siffar mararraba na tafiya, a dama biyu zagayayyu, ɗaya na tsalle ɗaya na duka. Ya kama gefenta ya nuna mini 'yan tayoyi biyu, ta hagu ta ƙara wa hoto duhu, ta dama ta rage sauti ko ƙara shi. Makunnin yana can sama, ana tura shi gefe. Ya yi minti arba'in yana bayani, ni ko kalma goma ban riƙe ba, kunnuwansa nake kallo yadda suke motsi in ya yi murmushi. Masha Allah, Ubangiji bai yi masa rowar kunne ba.

Haka abin ya faro. Daga “wayar tana aiki lafiya?” aka koma “kin tashi daga makaranta?” Yana kirana Malama, ni kuma na ajiye lambarsa da sunan Injiniya. Kada ku ɗauka don girmamawa ne. Don in wayar ta yi ƙara a gaban Yaya ne.

Ranar da Mama ta titsiye ni a ɗaki ta ce, “Wai wannan da kike ta murmushi da waya saboda shi, me yake yi?” ban ko haɗiye yawu ba na ce, “Harkar kwamfuta yake, Mama. Injiniya ne.” Fuskarta ta washe. Kafin la'asar Yaya ta kira ni tana tambayar wace irin mota yake hawa. Na ce tana gareji. Babur ɗinsa kuwa sai an tura yake tashi in an yi ruwa.

A cikin kayansa kaf akwai kaset guda da ba ya zama a kanta. Yana cikin aljihun tebur, a nannaɗe da ƙyallen goge gilashi. Sai da muka yi wata shida ya nuna mini. Na yayansa ne, wanda ciwo ya ɗauke yana ɗan shekara goma sha shida, lokacin shi yana da tara. Ya zura shi, ya tura makunni, wani kiɗa siriri ya tashi, tilin-tilin. Rubutu ya fito layi biyu, na sama na ci gaba daga inda aka tsaya, na ƙasa na fara sabon wasa. Ya danna na sama. Sai ga wani ɗan mutum tsaye a bakin wani kogo, a saman kansa an rubuta KUNNE.

Na fashe da dariya, shi ma ya yi.

“Sunan da yake tsokanata da shi ke nan. Da ya sa wa jarumin na yi kuka na kai ƙara wajen mahaifiyarmu. Ya ce in yi shiru, ni ne zan ci sarkin dodanni.” Ya nuna mini wasu lambobi a ƙasa. “Awa sittin da ɗaya da minti takwas. Nan ya tsaya ranar da aka kai shi asibiti. Shekara ashirin ban matsar da shi ko taku ɗaya ba. Kunnawa kawai nake yi in gaishe shi in kashe.”

Hoton yayan nasa guda ɗaya ne a gidansu, shi ma ruwa ya ci rabinsa. Kaset ɗin nan ne kaɗai abin da hannunsa ya taɓa ya bari yadda yake.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan laifina yake. Irin waɗannan kaset ɗin ba sa riƙe ajiya da kansu. A cikin kowanne akwai wani ɗan batir zagayayye kamar maɓallin riga, shi ke ciyar da ƙwaƙwalwar dare da rana. Ranar da ya mutu, ko aka cire shi, ajiyar ta tafi ke nan, ba mai dawo da ita. Ya auna na yayansa da mita ya ga saura ƙiris. Dabara ɗaya ce. A buɗe kaset ɗin, a zura allon cikinsa tsirara a na'urar, a kunna, sannan a canja batirin tana kunne, don a lokacin ita ce ke ba ƙwaƙwalwar wuta. Aiki ne na hannu huɗu, biyu su riƙe, biyu su yi liƙi.

Saƙonsa ya shigo ina tsakiyar duba jarrabawar 'yan aji huɗu.

“Malama, gobe bayan kin tashi ina son aron hannunki.”

“Hannuna kuma? Ai wajen Baba ake neman wannan.”

“Shi ma yana tafe. Na gobe na riƙe na'ura ne. Ban yarda da hannun kowa ba sai naki.”

Na karanta layin nan ya fi sau goma, na kifa wayar a ƙirjina ina jin kaina wata tsiya.

Washegari na sa doguwar rigata ruwan ƙasa mai ɗinki a wuya, da babban mayafina ruwan madara. Ya share teburin tas, ya jera hantsaki, sukudireba mai bakin tauraro, dalma da ƙarfen liƙi. Ya zuba wa na'urar sababbin batura huɗu. Ya zaunar da ni a kujerarsa a bayan kanta, inda ba ya barin kowa ya shiga.

“Abu ɗaya ne aikinki,” in ji shi. “Kada ki bari ta mutu. Ko gini ne ke rushewa, ki bar ta a kunne.”

Ya tura makunni, kiɗan ya tashi. Na riƙe ta da hannu bibbiyu, shi kuma ya sunkuya, goshinsa duk gumi. Ya narkar da liƙin, ya zare tsohon batirin a hankali ya ajiye a murfin kwalba. Ya ɗauki sabon, yana lanƙwasa 'yar ƙafarsa ta ƙarfe sai ta ɓalle, ƙas.

“Subhanallah. Akwai irinsa wajen mai agogo a ƙasa. Minti biyar, Malama. Kada ki motsa.”

Ya fita da gudu. Na zauna ni kaɗai, rayuwar Kunne a tafin hannuna, kiɗan na ta zagayawa.

Sai na ji ƙamshin turaren.

Wallahi tun kafin muryarta ta iso na san Yaya ce. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, takalminta a lungun, tana waya tana ce wa mijinta ta zo karɓar gilashinta. Ƙofar shagon a buɗe take wangame. Ni ga ni a bayan kanta, kewaye da kayan wasan yara, rungume da akwati mai kuka kamar motar mai sayar da askirim.

Zan so in ce muku ban san abin da nake yi ba. Ƙarya ne. 'Yar tayar rage sauti tana nan daidai ƙarƙashin ɗan yatsana na dama, murzawa ɗaya ta isa. Amma a wannan daƙiƙar ba shiru kawai nake so ba, so nake abin ya ɓace gaba ɗaya. Na tura makunnin, na ja mayafina na rufe ta a cinyata.

“Ke! Me kike yi a nan?”

“Yaya! Caja na zo saya, mai shagon ya ɗan fita.”

Ta shigo, ta bi kantocin da kallo tana taɓe baki. “Ikon Allah. Ƙato da gemunsa ya zauna yana tara bola. Kin san shi ne, da har kika shige masa bayan kanta?”

“A ina zan san shi? Kujera ce babu a waje.”

Idonta ya sauka kan cinyata, ya ɗan daɗe a wurin. Ta yi wani guntun murmushi. Ta shiga ba ni labarin labulen da ta canja, da yadda mai aikinta ta ƙona mata mayafi da dutsen guga. Ina ta “to” da “ayya”, idona na kan agogon bango. Minti huɗu cif ta yi kafin mai gilashi ya leƙo ya kira ta.

Tana fita na zaro na'urar na kunna. Kiɗan ya dawo yadda yake, hoton farko ya fito yadda yake. Na ce wa zuciyata wataƙila ba abin da ya faru. Ni da nake koya wa yara cewa sifili sau komai sifili ne.

Ya dawo yana haki, batirin a tafin hannunsa. “Ba ta mutu ba ko?”

“Ga ta kana ji,” na ce.

Ya yi liƙinsa tsaf, ya auna, ya yi hamdala. Ya mai da murfi ya ɗaure ƙusa, ya kashe, ya sake kunnawa yana murmushi har kunne. Rubutun ya fito. Layi ɗaya.

Ya kashe ya kunna. Ya zare kaset ɗin ya goge bakinsa da auduga ya mayar. Ya murza tayar duhu har gilashin ya koma baƙi ƙirin, ya dawo da ita, kamar layin ɓuya ya yi. Sau biyar yana yi. Daga nan ya ajiye ta a hankali, ya buɗe tafukan hannunsa yana kallonsu.

“Ni ne,” ya ce. “Lokacin da nake zare tsohon na ji hantsakin ya ɗan goga. Na haɗa ƙafa biyu ke nan ban lura ba.”

Na dube shi. Hawaye suka zubo mini, kuma ku ji abin da ya fi komai ci mini rai: ya ɗauka don tausayinsa nake kuka. Ya miƙo mini ƙyallen da yake nannaɗe kaset ɗin ya ce, “Haba Malama, ke ai kin yi naki. Hannunki ko rawa bai yi ba. Allah ya yi kwanansa ya ƙare ne.” Ya shiga bayan labule ya daɗe yana wanke fuska.

Kwana tara na yi ina ɓoye wannan abu. Abinci ya daina shiga. Mama ta ce soyayya ce, har tana yi mini dariya. Shi kuwa saƙonninsa suka gajarce.

“Yau na mayar wa wani mutum kaset ɗinsa ban taɓa ba. Na ce ya nemi wani.”

“Me ya sa?”

“Hannun da ya kashe na gida, ya za a ba shi na mutane?”

Na rubuta, “Akwai abin da zan faɗa maka.” Na goge. Na rubuta, “Ba hantsakinka ba ne.” Na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, “Ka yi haƙuri, ka ci abinci.” Kullum sai in ce gobe. Sannan ga ranar da Baba ya sa ya zo su gaisa tana matsowa, sai shaiɗan ya ba ni sabuwar hujja: bari a wuce wannan tukuna. Har na ƙara da wata rashin kunyar, na tura masa, “In an tambaye ka aiki, ka ce harkar kwamfuta.” Sai ya rubuto, “Abin da nake yi zan faɗa, Malama. Ban iya wani ba.”

Ranar Asabar da yamma ya zo, cikin farin yadi da ya sha guga, ya aje babur ɗinsa can nesa da ƙofa. Mama ta sa an canja rigunan kujeru, an fito da kofunan da ba a taɓa su sai da baƙi. Yaya ta iso tun azahar da sabon gilashinta mai ruwan zinariya, ta ce ba za a yi ba ita ba. Na shigo da tiren shayi na ajiye a gabansu.

Bayan gaisuwa Baba ya gyara zama. “To, ɗana, an ce injiniya ne kai. A wane kamfani?”

“Ba kamfani ba ne, Baba. Shago ne da ni. Ina gyaran waya, da tsofaffin na'urorin gem.”

Mama ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran rufin ɗaki ya faɗo. Sai na ji Baba ya yi dariya.

“Kai, madalla! Mai sana'ar hannu ai ba ya kwana da yunwa. Ina da wata rediyo tun ta aurenmu, kowa ya ce in jefar. Za ka iya duba mini ita?”

“Da yardar Allah, Baba.”

Shi ke nan fa. Abin da na yi wata takwas ina ɓoyo, na yi ƙarya a kansa, na yi ɓarna a kansa, Baba ya karɓe shi da rediyo. Ban taɓa jin na muzanta irin na wannan lokacin ba.

Yaya ce ta sauke gilashinta kan karan hanci. “Tsaya. Shagon naka ba shi ne a hawa na biyu ba, jikin mai gilashin ido?”

“Shi ne, Yaya.”

Ta tafa hannu ta kwashe da dariya. “Lallai yarinyar nan! Mama, makon jiya fa na same ta a ciki, zaune a bayan kanta, ta rantse mini ba ta san mai shagon ba, wai caja ta zo saya. Tana rungume da wani akwatin wasan yara yana ta tilin-tilin. Tana hango ni ta kashe shi ɗif, ta cusa ƙarƙashin mayafi, ta ɗauka ban gani ba. Na tsaya ina ta jan ta da hira in ga iya gudun ruwanta, ita kuwa sai zufa take!”

Mama ta yi dariya, Baba ma ya murmusa yana girgiza kai. A wajensu labarin kunyar budurwa ne. Mutum biyu ne kawai a falon ba su yi dariya ba.

Bai dube ni ba. Ya shanye shayinsa har ƙasa, ya amsa sauran tambayoyin Baba ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi rediyon a leda, ya durƙusa ya yi sallama. Mama ta ce, “Raka shi mana, kin tsaya kamar an dasa ki.”

Muka fito tsakar gida, muka wuce igiyar shanya, har bakin ƙofa. A nan ya tsaya, ya rungume rediyon a ƙirjinsa.

“Minti nawa?”

“Huɗu,” na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali, irin na mai gyara da ya gano inda cuta take. “Kwana tara ina tsine wa hannuna, Malama. Kina karantawa kina ce mini in ci abinci.”

“Na yi niyyar faɗa maka, wallahi na yi niyya. Ka yafe mini. Tsoro ne ya…”

“Batirin nan ko ba ke wata rana zai mutu, na daɗe da sanin haka. Yayana kuma ba a cikin kaset yake ba, addu'a yake buƙata. Wannan zan iya haɗiye shi, ko da zai ɗau lokaci.” Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. “Abu ɗaya nake so ki faɗa mini, kuma kada ki yi mini ƙarya a wannan. Ranar nan, abin da kika rufe da mayafinki, na'urar ce, ko ni ne?”

Daga cikin gida ina jiyo Yaya tana maimaita wa Mama labarin, suna ta dariya. Shi kuma yana tsaye yana jira, bai matsa ba, bai kau da ido ba. Na san amsar, 'yan uwa. Shi ma ya san na sani.